Me za mu kira "cure" na ƙwan kifi?

Jama'a, akwai kalmar da ke yawo a bakin masu fatsa na Amurka da Kanada, wato "cure". Manhajar fassara "warkarwa" take bayarwa, alhali babu marar lafiya a zancen.

Kifin da suke bi shi ne stilhed, ɗan dangin salmon. A kogi ake ƙyanƙyasarsa, ya gangara Tekun Fasifik ya girma, sannan ya hauro kogunan Oregon, Washington da British Columbia don yin ƙwai. Ƙwan kifi na cikin koton da ya fi so. Sai dai ɗanyen ƙwai ba ya zama a ƙugiya, ruwa na dukansa zai fashe, ko a firji aka ajiye kwana kaɗan ne ya fara wari.

Shi ya sa da an kama macen ake zubar mata da jini. A ciro ƙwan cikin tantaninsa, a tsaga tantanin, a baje a takarda ya tsane. Sai a barbaɗe shi da garin boraks (wani farin sinadari mai hana ruɓa) da sukari da gishiri. Wani sanannen awo shi ne 3-2-1: boraks uku, sukari biyu, gishiri ɗaya. A cikin kwalba ƙwan zai fara fitar da ruwa, daga baya ya sake tsotse abinsa, har da rinin ja idan an zuba. Ya fito da danƙo, ya yi ƙwari amma bai ƙandare ba. Wannan aikin ne suke kira "cure", shi nake nema wa suna da Hausa.

An kawo shawarwari. "Banda" da "kyafa" ba su shiga ba, don babu wuta babu hayaƙi. "Busarwa" ma haka, ƙwan da ya bushe ƙayau ai ya tashi aiki. "Gishirtawa" ta ɗan kusanto, amma gishirin ne mafi ƙanƙanta a awon. Wani malami ya ce "tsimi", na so ta, sai dai a tsimi ruwan ake so, a nan kuwa ƙwan ake so.

Ni "jima" na zaɓa. Majemi ba abinci yake haɗawa ba. Ɗanyar fata yake sa wa bagaruwa don kada ta ruɓe, ta yi ƙarfi kuma ta riƙe laushinta. Abin da ake nema a ƙwan ke nan, kuma shi ma ba na ci ba ne, boraks ba ya shiga tukunya.

Malam ya ce jima ta fata ce kawai. Allah gafarta Malam, ai tantanin da ɓawon ƙwan ne ake ƙarfafawa, ba mu yi nisa da fata ba. Kuma kalmar tana juyuwa ba tare da an matsa mata ba: jimar ƙwai, jemammen ƙwai. Haɗin da kamfanoni irin su Pautzke da Pro-Cure ke sayarwa ya zama garin jima. A jimla sai mu ce: "Ya jeme ƙwai kwalba biyu, gobe da asuba za shi fatsa."