Yoyon memori bayan sabunta kompaila: ta ina zan fara bincike?

Sabon-shiga: Assalamu alaikum. Ina da manhajar C++ da take aiki a saba dare da rana, kuma tun da na sabunta kompaila (manhajar da take mayar da kod zuwa harshen inji), memorin da take ci yake ta ƙaruwa har sai tsarin ya kashe ta, alhali ban taɓa ko layi ɗaya ba. Idan na harhaɗa da -O0 (kompaila ba ta inganta kod) babu wannan yoyon memorin, da -O2 (tana inganta shi) kuwa yana nan. Yaya zan tabbatar cewa kompailar ce ta sami koma-baya?

Tsohon-hannu: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar yanke hukunci, domin bambanci tsakanin -O0 da -O2 galibi alama ce ta cewa kod ɗinka ya dogara da abin da ƙa'idar harshen ba ta lamunta ba. Lokacin da kompailar GCC 6 ta fito a 2016, ta fara ɗaukar cewa `this` (manunin abin da kod yake aiki a kansa a C++) ba ya taɓa zama fanko, sai ta riƙa cire gwajin da ake yi masa, kuma manyan manhajoji irin su Chromium da Qt 5 suka shiga matsala, ga shi laifin na kod ɗinsu ne. Ka fara harhaɗawa da -fsanitize=address,undefined, wanda yake kama kurakuran memori da saɓa ƙa'idar harshen, ka ga abin da zai nuna.

Mai-lura: Ka kuma duba irin rahoton da Valgrind, kayan binciken memori, yake bayarwa. A zamanin GCC 5 ya riƙa nuna bayit 72,704 da ba a saki ba, alhali ajiya ce ta gaggawa da libstdc++ (laburaren C++ na GCC) take yi sau ɗaya. Naka da yake ƙaruwa kullum, ya fi kama da yoyo na gaske.

Tsohon-hannu: Haka ne. Idan gwajin ya fito tsaf, sai ka harhaɗa rabin fayilolin da tsohuwar kompaila, rabi da sabuwa, ka yi ta ragewa har ka kama fayil ɗaya. Daga nan C-Reduce, kayan rage kod, zai tsuke shi zuwa 'yan layuka, ka sa su a Compiler Explorer, shafin da yake nuna abin da kompaila ta fitar, ka ga ko kiran `delete` mai sakin memori ya ɓace a sabon zubin kompailar. Wannan ƙaramin misalin ne masu kula da kompailar za su iya aiki da shi, kuma da shi `git bisect`, umarnin binciken tarihin canje-canje, zai gano canjin kompailar da ya haddasa matsalar.

Sabon-shiga: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Yau da daddare zan fara raba fayilolin, kuma zan dawo da sakamakon.