Muryar mahaifina ta maƙale a tsohuwar rakoda, yaya zan yi?

Maman Safiyya:
Assalamu alaikum. Kafin mahaifina ya rasu na ɗauki hirarrakinsa da wata 'yar rakoda ta aljihu, yana ba da tarihin zuriyarmu. Na kwashe fayilolin zuwa kwamfuta, amma duk manhajar da na gwada ta ƙi buɗe su. Ashe rakodar da nata tsarin take ajiye sauti, sai manhajar da ta zo da ita a faifan CD ke karantawa, ita kuma ta ƙi hawa sabuwar kwamfutata. Rakodar na aiki, sai dai da salatef nake riƙe murfin batirinta. Don Allah yaya zan ceto muryar nan, kuma a wane tsari zan ajiye ta yadda jikokinsa za su ji a kowace irin waya?

Injiniya:
Wa alaikumussalam. Allah ya jiƙan Baba. Hajiya, fara gwada VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, kyauta ce kuma tana cin fayiloli iri-iri. In ta ƙi, nemi tsohuwar kwamfuta mai Windows XP ko 7, ki sa manhajar faifan, ki duba ko za ta fitar miki da sautin a WAV, wato tsarin fayil ɗin sauti na gama-gari. In duk ya faskara, haɗa igiyar sauti daga ramin iyafis na rakodar zuwa kwamfuta, ki kunna, ki naɗa da Audacity, manhajar ɗaukar sauti da gyara shi. Hirar awa ɗaya awa ɗaya za ta ci, amma za ta fito.

Wajen ajiya, tsarin FLAC nake so miki. Tun 2001 yake, tsarinsa a buɗe yake ga kowa, yana rage girman fayil ba tare da ya zubar da komai na sautin ba. Ki yi kwafin MP3 na rabawa dangi; haƙƙin mallakarsa ya ƙare tun 2017, kuma da wuya ki sami na'urar da ba ta san shi ba.

Abu Khalil:
Ƙari kaɗan. Filashin da za ki zuba fayilolin ya zama an yi masa fomat da tsarin exFAT. A sauran tsare-tsaren filashi, FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai 4GB, NTFS kuma kwamfutar Mac na karantawa amma ba ta rubutawa. Sannan kada ki goge na asali ko kin juya su.

Malama Rabi:
Abin nan yana ci min rai. Mutum ya sayi na'ura da kuɗinsa, ya ɗauki muryar ubansa, amma makullin yana hannun kamfani; ranar da suka daina sabunta manhajar shi ke nan. Ni yanzu kafin in sayi rakoda ko kyamara sai na tabbatar tana ajiye WAV, MP3 ko JPEG, kuma kwamfuta na ganinta kamar filashi ba sai da wata manhaja ba.

Maman Safiyya:
Amin, na gode ƙwarai. VLC ta ƙi, amma yayana yana da tsohuwar laftof mai Windows 7. Injiniya, in WAV ɗin ya fito, Audacity ɗin ce za ta mayar min da shi FLAC?

Injiniya:
Ita ce. Wajen fitarwa za ki ga FLAC a jerin, ki zaɓe shi.