Nijar ta fita daga ECOWAS: me ya canja ga mai fatauci ta Maigatari?

Ɗan Gumel:
Assalamu alaikum. Masana, a taimaka. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS ta haɗe da Mali da Burkina Faso a AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel, aka sallami sojojin Faransa da na Amurka, Rasha ta shigo, zance ya yi yawa a kasuwar Alhamis ta Maigatari. Wasu na cewa takardunmu sun daina aiki a Dungas da Magarya, wasu na cewa ba abin da ya taɓa mu. Mai son sayo raguna da wake daga ƙasar Damagaram, me ya kamata ya sani kafin ya zuba kuɗinsa?

Tsohon Fatoma:
Wa alaikumus salam ɗana. A raba takunkumi da ficewa, abu biyu ne. Takunkumi ya zo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka, aka yanke wuta. ECOWAS ta ɗage shi a Fabrairun 2024, iyakar ta buɗe a Maris. Ita ficewa ta tabbata ne ranar 29 ga Janairu 2025, kuma a lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a bar su su shiga ba biza, kayansu ma a bi da su yadda aka saba har sai an sake sanarwa. AES ita ma ta ce ƙofarta a buɗe take ga mutanen ECOWAS.

Matsalar tana cikin wannan "har sai an sake sanarwa". Da, haƙƙi ne a rubuce cikin yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, kana iya tsayawa a kansa gaban jandarma. Yanzu alfarma ce, mai alfarma kuwa yana iya janye abarsa da takarda ɗaya. Saboda haka ka riƙe katin shaida na gaskiya, gara ma fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara. Dabba kuma a nemi takardar likitan dabbobi da rasit na kasuwar da aka saye ta, adadin kai ya yi daidai da abin da ke rubuce. Raguna 40 a mota, takarda ta ce 35, a kan biyar ɗin nan za a tsare motar duka, dabbobi su kwana cikin rana su rame. Hanyar fito ta daji tana da arha ranar da aka dace kawai.

Hajiya mai hatsi, Ɗambatta:
Baba ya gama maganar takarda. Ni a ganina abin da ya fi cin jari shi ne dokar hana fitar da kaya. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina sai Mali da Burkina, ka ga ma'anar AES ke nan a aikace: ɗan ƙungiya ya ci, maƙwabci ya jira. A Mayun 2025, gab da babbar salla, aka hana fitar da dabbobi don farashin rago ya sauka a cikin gida. Duk wanda ya riga ya ba dillali kafin alƙalami, kuɗinsa ya maƙale a can. Kada ka biya kuɗin kaya gaba ɗaya sai ka tabbatar daga bakin duwan, wato kwastan na Nijar, cewa a wannan makon kayan na fita, kuma a yi sharaɗi gaban shaidu wa zai ɗauki ciyarwa idan aka tsare.

Sai harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari da AES ta sa a Maris 2025 kan kayan da ke shiga daga wajen ƙasashen uku, har da namu. Ƙarami ne, amma mai kai masara ko kayan masarufi can ya sa shi a lissafi.

Na ƙarshe canji. Duk faɗan da ake da Faransa, Nijar tana nan da sefa, sefa kuma a ɗaure take da yuro, 655.957 a yuro ɗaya. Naira ce aka saki tun Yunin 2023 take yawo. In za a yi ciniki bashi, a faɗi da wane kuɗi za a biya da canjin wace rana. Kuma a kula da ƙirga: jaka a bakinsu sefa dubu ce, dala sefa biyar. Wanda ya ji "jaka hamsin" ya fassara da jakarmu ta naira ɗari biyu ya ɓata lissafi tun daga tushe.

Malam na Babura:
Alhaji, game da manyan ƙasashen da ka ambata, kada a ba su girman da ya wuce nasu a harkar kasuwa. Sojan Faransa ya gama fita a Disambar 2023, Amurka ta bar sansanin jiragenta na Agadas a 2024, masu horarwa na Rasha sun sauka Yamai a Afrilun shekarar. Duk wannan harkar tsaro da fadar shugaban ƙasa ce. Rasha ba ta sayen ragon Damagaram, ba ta kuma kai gero Tanut.

Wadda hannunta ya kai aljihun talaka ita ce Sin. Kamfaninta CNPC ne ya gina matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011, ganga 20,000 a rana, shi ya kuma shimfiɗa bututun kusan kilomita 2,000 daga rijiyoyin mai na Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. To ga darasin: bututu ya kammala, sai rigimar iyaka tsakanin Yamai da Kwatano ta tsayar da lodin mai a 2024, har sai da Sin ta shiga tsakani. Kuɗin baƙo ya gina, amma maƙwabci ne ke riƙe da bakin famfo. Kuma da Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina da rakiyar soja, tafiya ta yi tsawo, farashi ya hau. Wannan ne ya ƙara wa mashigan Najeriya daraja, shi ya sa layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura da Jibiya, yake da muhimmanci gare su kamar yadda yake gare mu.

Ɗan Haɗejia:
Malam, na yarda da kai amma ban da wuri ɗaya. Tsaro ma yana shiga aljihu. Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi a Maris 2025, kuma iyaka ce ta kusan kilomita 1,500. Idan sojan nan da na can ba sa musayar labari, ɓarawon shanu ya tsallaka shi ke nan, sai a ƙara shingaye a hanya, kowane shinge kuma da abin da yake ci.

Abin da bai mutu ba shi ne igiyoyin da suka girmi rigimar: hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar ta 1971 mai ofis a Yamai, da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwa. Ruwan da ake saki daga Tiga da Challawa shi ke bi ta Haɗejia ya zama Komadugu Yobe, da shi manoman tattasai na Diffa ke ban-ruwa. Ciyawar kachalla ta toshe hanyar ruwa a nan, su ji a can. Wuta ma haka: kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga nan yake zuwa, kuma yankewar da aka yi ce ta sa suka daina ɗaukarsa abin dogaro.

Ɗan Gumel:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, dokar hana fitar da dabbobin nan ta dindindin ce, ko ta lokacin salla?

Hajiya mai hatsi, Ɗambatta:
Don salla aka kafa ta. Amma tunda an yi sau ɗaya, mai kiwon turka ya sayo ragunansa wata uku ko huɗu kafin layya, ya yi kiwon a gida. Kuɗin dusa da harawa ya fi sauƙi a kan jarin da ya kwana a hayin iyaka.