Kwas ɗin Microsoft Access na sati biyu, ya isa mutum ya riƙe aikin ofis?

Ummu_Aiman:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina aiki a ofishin wata makaranta mai zaman kanta nan Zariya, sunayen ɗalibai da kuɗin makaranta da lambobin iyaye duk a Excel muke zubawa, to yanzu abin ya fara fin ƙarfinmu, yaro ɗaya sai ka ga sunansa wuri uku, nan Muhammad can Mohd can kuma Muh'd, in ƙarshen zango ya zo ana neman wanda bai biya ba sai an yini ana dube-dube. Shugaban makaranta yace in je in koyi Access, wato manhajar Microsoft ta ajiye bayanai da tsara su. Akwai wata cibiya mai kwas ɗin sati biyu da satifiket, akwai kuma wani malami da kuɗinsa ya fi yawa amma yace zai ci gaba da duba aikina bayan an gama. Wanne zan ɗauka?

Malam_Bashir_Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Malama. Wlh ɗauki mai bibiyar nan ko da ya fi tsada. A sati biyu za a nuna miki yadda ake buɗe tebur (inda bayanai ke zama) da fom (inda ake shigar da su) da rifot (inda ake fitar da su a takarda), ki fito kina jin kin iya, amma wahalar gaske sai ranar da kika zauna da bayanan makarantarku ita ke ɓullowa, ranar kuwa babu malami a gefenki. Access ba Excel bane mai faɗi, duk sirrinsa rarraba tebura ne, na ɗalibai daban na biyan kuɗi daban na azuzuwa daban, kowane yaro a ba shi lamba ɗaya da babu mai irinta sai a ɗaure teburan da wannan lambar, to shi zai kashe miki matsalar Muhammad da Mohd. Wannan tsarin kuma ba a fahimtarsa da misalin littafi, sai da naki kayan. Ki ce masa tun ranar farko da fayil ɗinku na Excel za ku yi darasin, kuma ku ƙayyade bibiyar, wata nawa ce, ta WhatsApp ce ko zai zo ofis.

Sadiya_Kd:
Gaskiya ne Malam. Ƙaramin misali Aunty, lambar waya in aka sa gurbinta a matsayin Number sifilin farko na 080 ɓacewa yake yi, sai an mayar da shi Short Text. Irin wannan abu minti biyu ne ga wanda ya sani, amma ke kaɗai sai ya cinye miki yini. Sannan kafin ki biya kuɗi ki duba kwamfutar ofis ɗin, a Windows kawai Access ke aiki babu shi a Mac, kuma ba kowane Office ne ke zuwa da shi ba.

Abban_Khalifa:
Ni abin da zan ƙara maganar wuta ce. In NEPA ta ɗauke ana tsaka da shigar da bayani a kwamfutar tebur fayil ɗin na iya lalacewa, dan haka ki sa malamin ya koya miki Compact and Repair (hanyar da Access ke gyara fayil ya rage girmansa) da ajiye kwafi a filash duk ƙarshen mako, kar a bar filash ɗin a jikin kwamfutar. Fayil ɗaya 2GB ne iyakarsa, ya ishe ku shekaru in dai ba hotunan yara kuka cusa ciki ba. In kuma ku biyu ko uku za ku riƙa shiga lokaci ɗaya ta netwok to malamin ya raba muku fayil ɗin gida biyu, teburan a wuri ɗaya fom-fom ɗin a kwamfutar kowa.

Ummu_Aiman:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Gobe in Allah ya kaimu zan kira malamin mu yi maganar watannin bibiyar. Malam Bashir dan Allah lambar ɗalibin, ta shiga makaranta da muke da ita zan yi amfani da ita ko in bar Access ya bayar da tasa?