Don Allah a koya min Chrome, na gaji da zaryar kafe

Telan Gangare

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a unguwar Gangare da ke Jos, shekaruna 54. Wata biyar ke nan da babban ɗana ya bar min wayarsa da zai tafi bautar ƙasa. Kira na iya, WhatsApp na iya, amma Chrome ɗin nan ya gagare ni.

'Yata ta rubuta JAMB bana, muna jira mu ga ko an ba ta gurbi. Sau uku ina rufe shago in hau keke zuwa kafe, wato shagon intanet, a Terminus, in biya kuɗin keke, in biya yaron kafe, a ce min ba a sa komai ba tukuna. Shekaranjiya na ce bari in gwada da kaina. Na rubuta JAMB, na danna na farkon da ya fito. Shafin ya nemi lambar rajistarta, sannan ya nemi lambar katin bankina, wai kuɗin dubawa. Har na ciro katin daga aljihu, zuciyata ta ƙi, na kashe wayar. Tun daga ranar saƙonni ke ta faɗowa a saman wayar, wani ya ce na ci kyauta, wani ya ce wayata ta kamu da cuta.

Ta yaya ake gane shafin gaskiya? In na same shi, yaya zan yi kada ya sake ɓace min? Kuma akwai ɗan akwati a sama da lamba 87 a ciki, mene ne shi? A yi min bayani dalla-dalla, kamar yadda ake koya wa yaron shago zira zare a allura.

'Yar Rikkos

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ne ya tsare ka. Dogon layin nan da ke saman Chrome aiki biyu yake yi. In ka rubuta kalma kawai, Google zai nemo maka shafuka barkatai, kuma na saman wani lokaci talla ne da aka biya kuɗi aka ɗora. In kuwa ka rubuta cikakken adireshi, kai tsaye zai kai ka gidan. Na JAMB shi ne jamb.gov.ng. Ka rubuta shi haka, babu tazara.

Ka riƙa duba ƙarshen sunan shafin, wato abin da ya zo daf kafin alamar / in akwai ta, Baba, ba farkonsa ba. Kowa na iya sa kalmar jamb a sunan shafinsa, amma .gov.ng hukumomin gwamnati ake ba wa. In ka ga jamb a farko, ƙarshen kuma wani abu daban, fita.

Da ka shiga na gaskiyar, danna ɗigo ukun da ke sama ta hannun dama, za ka ga tauraro. Danna shi, shafin ya ajiyu ke nan. A cikin ɗigo ukun dai akwai "Add to Home screen", wanda zai ɗora maka shafin a fuskar waya kamar WhatsApp. Haka na yi wa Mamana. Sannan shafin duba gurbi, wato CAPS, ya kan ƙi buɗewa sosai a waya, sai ka danna "Desktop site". Rubutun zai ƙanƙance, ka sa yatsu biyu ka buɗa shi.

Mai Gyaran Waya

Alhaji, wayarka lafiyarta ƙalau, kada ka bari wani ya karɓi kuɗinka da sunan wanke ta. Kusan kullum sai an kawo min irin wannan a shagona da ke Ahmadu Bello Way. Shafin ne ya nemi izinin turo maka sanarwa, ka danna "Allow" ba ka sani ba. Shiga ɗigo uku, "Settings", "Site settings", sai "Notifications". Za ka ga sunayen waɗanda ka ba izini. Toshe duk wanda ba ka sani ba, nan take za su yi shiru.

Lamba 87 kuwa shafuka ne 87 ka bari a buɗe. Ba data suke ci sosai ba, amma su ne ke sa ka rasa inda kake. Danna akwatin, ka rufe su ɗaya-ɗaya ko gaba ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake gaya wa mutane in sun ga ɗan kwaɗo kusa da adireshi to shafin amintacce ne. Ba haka ba ne. Kwaɗon na nufin wani ba zai leƙa abin da kake rubutawa a hanya ba, shi ke nan. Ɗan damfara ma yana iya samunsa kyauta. Su kansu Google sun cire hoton kwaɗon daga Chrome a 2023 saboda mutane na yi masa wannan fahimtar.

Malamar Firamare, Unguwar Rogo

Malam, sa'arka ce ni, kuma ban iya ba sai da na yi ta kuskure. Zan ƙara abu guda da ba a taɓo ba. Sau ukun nan da kuka je kafe, a kwamfutarsu aka shigar da kalmar sirrin yarinyar. In an danna ajiyewa, duk wanda ya zauna bayanku yana iya shiga asusunta. Ku canza ta yau. In dole ta sake kai ku kafe, ku ce a buɗe "Incognito", a kwamfuta Ctrl da Shift da N ne, kuma ku rufe shi da hannunku kafin ku tashi. Ba ya ɓoye mutum daga kamfanin layi ko daga shafin da ya shiga, amma ba ya barin sawu a kwamfutar, sai dai abin da aka sauke.

In Turancin ya yi maka nauyi, a ɗigo ukun akwai "Translate", kuma da Hausa a ciki. Fassarar takan karkace, amma za ka gane inda aka dosa.

Telan Gangare

Allah ya saka muku da alheri, ya shi wa 'ya'yanku albarka. Bayan Isha'i muka zauna da yarinyar. Mun toshe shafuka huɗu, saƙonnin sun tsaya. Akwatin ya koma 1, an canza kalmar sirri, shafin JAMB kuma yana fuskar waya kusa da WhatsApp. Gurbin bai fito ba tukuna, amma yau da asuba ni da kaina na duba, cikin sanyin nan, ko bargo ban fita ba.

Malama, saura guda. Na sauke hoton wani ɗinkin babbar riga da zan nuna wa mai kaya ranar Juma'a, na neme shi na rasa. Ina yake shiga?