Idon 'yata ya yi ja bayan kwana da gilashin Ortho-K, afolo ne?

Maman Yara:
Assalamu alaikum. Muna zaune a Kuala Lumpur, maigida yana karatu. 'Yata mai shekara 10 ba ta hango nesa, duk shekara lambar tabaraunta ƙaruwa take. Wata 7 ke nan aka ba ta Ortho-K, ƙaramin gilashi mai tauri da ake sa wa a cikin ido a kwana da shi, ya danne saman baƙin ido, da safe a cire ta wuni tana gani garau. Yau da asuba ta tashi idon hagu ja wur, yana hawaye, ko fitila ba ta iya kallo. Ina da ragowar maganin ɗigawa na lokacin da na yi afolo. In ɗiga mata zuwa Litinin?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Don Allah ƙanwata kada ki jira Litinin, kuma kada ki ɗiga komai. Wasu magungunan ɗigawa akwai sitiroid a ciki, yana ɓoye ciwon alhali yana ci. Ki kai ta wurin likitan ido yau. Jan ido da zafi da gudun haske ga mai kwana da gilashi, ana ɗaukarsa gyambo ne a kan baƙin ido har sai likita ya ce ba shi ba ne. Akwai ƙwayar cuta Pseudomonas, cikin kwana ɗaya ko biyu takan yi ɓarnar da ke barin hakiya. Ki tafi da gilashin da 'yar robar ajiye shi da ruwan wankinsa, a nan sukan gano ƙwayar. Wata tambaya: yana taɓa ruwan famfo?

Maman Yara:
Innalillahi! Ni kaina nakan ɗauraye robar a famfo. Kuma tana yin alwalar asuba kafin mu cire.

Anti Nas:
Ki gaya wa likita wannan, ba abin kunya ba ne, za su duba wata ƙwayar cuta, Acanthamoeba. A ruwa take rayuwa, har na famfo mai kyau, maganinta kuma yakan ɗauki watanni. Nan gaba a wanke hannu da sabulu, a tsane shi sosai, a cire gilashin, sannan alwala. Robar kuma a canza ta duk wata 3.

Baban Ɗan Auta:
Allah ya ba ta lafiya, Hajiya. Irin wannan tsoron ya sa muka ƙi na kwana. Ɗana tabarau MiYOSMART yake sawa, mai rage saurin ƙaruwar lamba, ba abin da ke shiga idonsa, muna kuma korarsa waje ya yi wasa kamar awa 2 a rana. In ta warke ki tambayi likita batunsa, ko ɗigon atirofin mai rauni, maganin ido da shi ma yake rage saurin ƙaruwar lamba.

Maman Yara:
Na gode Anti, Allah ya saka. Mun kira tasi, robar tana cikin jakata.