Karatun manya a Damagaram: kowa ya faɗi abin da ya gani

Malamin yaƙi da jahilci, unguwar Birni

Assalamu alaikum, iyaye da ƴan'uwa. Ranar 8 ga watan Satumba ta matso, ranar da hukumar UNESCO ta keɓe domin yaƙi da jahilci, kuma kafin a shiga jawaban biki ina roƙon duk wanda ya taɓa zama ajin manya, ko ya koyar a cikinsa, ya gaya mana abin da ya gani da idonsa. Wannan aiki ba sabo ba ne a Nijar, domin tun farkon shekarun 1960 ake yin sa, a 1966 aka yi taron Bamako na daidaita rubutun harsunanmu har da Hausa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da ya dame ni shi ne, mutum zai ƙare aji a ƙarshen rani yana haɗa baƙi yana karanta jimla, amma idan damina ta wuce muka sake haɗuwa, sai in tarar rabin karatun ya zube. Wa ya riƙe nasa, kuma me ya riƙe masa shi?

Mai rubuta lissafin asusu, Garin Malam

Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai asusu ne ya riƙe mini nawa. Ƙungiyarmu irin ta Mata Masu Dubara ce, tsarin nan da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, inda mata ke zuba kuɗi kowane mako cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, su ranta wa junansu, a raba idan zagaye ya cika. Da can da ka muke riƙe lissafi, kowace mace tana tuna bashin wadda ke zaune kusa da ita, kuma duk ranar da wata ta yi tafiyar biki ko ta kwanta ciwo, sai gardama ta tashi.

Baƙaƙe ba su ba ni wahala ba kamar lissafi. Mu da dala muke ƙirga, ita kuwa takardar kuɗi da tamma take magana. Abin da muke kira dala ɗari, 500 ne rubuce a jikinsa, jika kuma 1000, alhali a bakinmu dala ɗari biyu ce. Idan mace ta miƙo mini dala hamsin, hannuna yakan so ya rubuta 50, amma 250 ya kamata. Da malamarmu ta ga mun rikice, sai ta ja layi tsakiyar allo, dala a hagu, tamma a dama, ta baje tsabar kuɗi a tabarma, kowace ta ɗauka ta faɗi sunansa da baki sannan ta karanta lambar da ke jiki, har ninkawa da biyar ta zauna mana. Tun da aka ba ni kaye, wato littafin lissafin asusu, babu makon da ba na rubuta suna da lamba a gaban matan da ke sa ido kan kuɗinsu, don haka babu halin mantuwa. Waɗanda muka yi aji tare amma ba a ba su wani aikin rubutu ba, su ne nasu ya tafi.

Ɗan kabu-kabu, Sabon Gari

Hajiya ta faɗi gaskiya. Mu maza, lokacin da ake buɗe aji shi ne lokacin cin rani, kuma rabin ajinmu ya watse zuwa Kano da Libiya kafin a yi nisa. Ni salula ce ta sa na shiga, saboda na gaji da miƙa wa yaro waya ya karanta mini saƙon kuɗin da aka turo. Yanzu ina gane lamba da sunan mai turowa, sai dai saƙon da Faransanci yake zuwa, sauran zance kuma duk da murya muke yi a WhatsApp, shi ya sa rubutuna bai ƙaru ba.

Dattijo baduku, Zango

Ɗana Malam, ina da magana a kan yadda ake karɓar irinmu. Na sauke Alƙur'ani tun ina saurayi, kuma da ajami nake rubuta sunayen masu ba ni aikin jaka da takalmi, da kuɗin fatar da na ɗauko wurin majema. Da na je ajin dare, aka zaunar da ni tare da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, aka ce mu yi ta jan sanda da zana ƙwallo. Na haƙura na zauna, amma abokaina biyu ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya san cewa baƙi yana ɗauke da sauti ya riga ya ci rabin tafiya, abin da ya rage a nuna masa cewa wannan ba ce, wancan ta ce, kuma daga hagu ake farawa. Garin nan cike yake da almajirai da malaman zaure, ya kamata a yi musu aji daban, a ɗora kan abin da suka sani.

Uwar gida, Kara-Kara

Allah ya ƙara girma, Baba. Namu ajin ruwa ne ya kashe shi. Duk wanda ke Damagaram ya san yadda bazara take, mace ta kwana a layin famfo da jarka, ta wayi gari da daka da girki, sannan a ce ta zo karatu da hantsi. Da aka mayar da shi tsakanin azahar da la'asar, a zauren wata dattijuwa, aka kuma kawo malama mace, sai magidanta da dama suka bar matansu suka dawo. Ni abin da na fi mora shi ne katin awo da na rigakafin yara, domin yanzu da kaina nake duba ranar komawa likita.

Budurwa mai koyon ɗinki, Mirriya

Iyayena, ku yi mini afuwa in kawo wani ɓangare. An cire ni daga lakwal ina aji huɗu, na shiga ajin manya daga baya, kuma ina karanta Hausa sosai. Amma ba ni da abin karantawa in ban da littafin ajin da na riga na haddace, kuma da na nemi shiga wata cibiyar koyon sana'a, takardun cikewa da darasin awo duk da Faransanci suke, takardar shaidar da aka ba mu kuma ba ta buɗe mini ƙofa ba. Malam, roƙona biyu ne: a samar da mataki na biyu ga wanda ya ƙare na farko, mai ɗan Faransanci da lissafin santimita da ya shafi sana'a, sannan a ajiye akwatin littattafan Hausa a wurin da ake karatu, a bar shi buɗe har cikin damina. Idan akwai inda ake yin haka tsakanin Mirriya da cikin gari, a gaya mini rana da lokaci, mu huɗu ne za mu zo.